Sefa da Naira a Bakin Komadugu

 Hirarmu ta tarihi yau za ta kai mu gabas, jihar Difa, can Barwa kusa da Boso, inda kogin Komadugu yake gangarawa tafkin Cadi.

Mutumin bakin Komadugu yana da aljihu biyu. Ɗaya na sefa ne, ɗaya na naira. In ya noma tattasai ko ya yi bandar kifi, yawanci ƴan kasuwar Najeriya ke saye, da naira suke biya. Amma haraji da sefa ake biyansa, haka ma kuɗin magani a asibiti. Ke nan dole ya bi ta hannun ɗan canji. To, wa ke yanke darajar kuɗin nan biyu?

Kakanninmu na ƙasar Barno da gabaga suka yi ciniki, wato ƙyallen saƙi, da wuri, da wata azurfa ta Turai. Daga sunan azurfar nan muka sami kalmar dala, wadda yau take nufin tamma 5. Da Faransa da Ingila suka raba ƙasa, sai suka mai da kogin iyaka. Arewa tana cin kuɗin Faransa, kudu tana cin fam da sule.

An kafa sefa ran 26 ga Disamba 1945. Tun daga ranar a ɗaure take da kuɗin Faransa, kamar akuya a turke. Daga 1960, tamma 50 ita ce faran ɗaya na Faransa. Shekara 34 lissafin nan bai motsa ba. Bankin da ke buga mana kuɗi sunansa BCEAO. Ba na Nijar ba ne ita kaɗai, na tarayya ne da ƙasashe ƴan'uwa, kuma tun 1978 mazauninsa yana Dakar.

Najeriya ta bi wata hanya dabam. Ta buɗe babban bankinta a 1959, ita ke buga kuɗinta, ita ke yanke darajarsu. Ran 1 ga Janairu 1973 ta bar fam ta kama naira: fam ɗaya naira 2. Lokacin man fetur yana tsada, naira kuwa tana ji da ƙarfi. A 1980, a lissafin banki, jika ɗaya ta sefa, wato tamma 1,000, ba ta kai naira 3 ba. Ku riƙe wannan adadi, za mu komo kansa. Sai dai a kasuwa ɗan canji ba ya bin lissafin banki. Naira ba ta samun wannan daraja a hannunsa, don ita ba a karɓarta a Turai, sefa kuwa ana musanya ta da faran ba gardama.

Shekarar da tsofaffi ba su manta ba ita ce 1984. A watan Afrilu, gwamnatin Janar Buhari ta sake launin takardun naira, ta rufe iyaka. An ba mutane ƙasa da mako biyu su kai tsofaffin kuɗi banki. Ku duba halin manomin da ya sayar da tattasai ya ɗure nairarsa cikin tukunya. Bankin yana ƙetaren kogi, hanya kuma a rufe. Wanda bai sami mai ƙetarar masa da su ba, guminsa na shekara ya koma takarda. Ga shi a wannan shekara damina ba ta yi ba, hatsin da aka saba shigowa da shi daga kudu ya yi wuya. Shi ya sa a wurare da yawa na ƙasarmu aka sa wa yunwar suna El Buhari. Ba a buɗe iyakar ba sai a watan Maris 1986. A ganinmu, waɗanda suka yanke shawarar a Legas ɓarayin gwamnati da masu fasa-ƙwauri suke hari, amma sandar ta fi sauka a kan talakan bakin iyaka.

A watan Satumba 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kwance wa naira igiya, ta bar kasuwa ta yanke mata daraja. Nan take ta faɗi. Mai albashin sefa ya ji daɗi: fetur, taki, atamfa da sabulun Maiduguri duk suka yi araha. Mai tattasai kuwa ya ga takardu sun yi yawa a hannunsa, amma in ya canza su, sefar ba ta taka kara ta karya ba.

Ita ma sefa ranarta ta zo. Shugabanni suka taru a Dakar, kuma daga 12 ga Janairu 1994 faran ɗaya ya koma tamma 100. An raba darajar sefa biyu a dare ɗaya. Magani da duk abin da ke zuwa daga Turai ya yi tsada. Masu shanu da masu tattasai suka ɗan sami sa'ida, don nairar da suka karɓo ta ƙara auki. Daɗin bai daɗe ba, naira ta ci gaba da zamewa. A 1999 aka sake wa sefa turke, aka ɗaure ta da yuro: yuro ɗaya tamma 655 da ƴan kai.

A watan Yuni 2023 gwamnatin Tinubu ta sake sakin naira a kasuwa. A 2024 jika ɗaya ta haura naira 2,000. Kun tuna da 1980? Jikar da ba ta kai naira 3 ba, ita ce wannan.

Ga aikin aji, ku ɗauko alli. A misali, manomi ya sayar da buhun tattasai naira 50,000. Ranar ciniki, jika ɗaya naira 2,000 ce. Bai canza ba sai bayan wata uku, ya tarar ta koma naira 2,500. Jika nawa zai samu da farko, nawa ya samu daga baya? Ku kai wa malaminku amsa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.