Tarihin Ƙidayar Jama'a a Nijeriya

An fara ƙidayar jama'a a Nijeriya a shekarar 1866, amma a Legas kaɗai, domin nan ne ƙafar Turawan Ingila ta kafu a lokacin. Sai a 1921, bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914, aka yi yunƙurin lissafa ƙasar baki ɗaya, kuma yawancin alƙaluman wancan zamani ƙiyasi ne da aka ciro daga takardun haraji.

Wannan dangantaka da haraji ita ce ta fara ɓata wa ƙidaya suna. A Arewa a wancan zamani, mai unguwa da dagaci ne ke kai wa hakimi sunayen magidanta da balagaggun maza, malamin haraji ya rubuta, a yanka wa gari abin da zai biya. Makiyayi kuwa ya san duk saniyar da aka ƙirga jangali ne a kansa, saboda haka yakan kora wani sashe na garken daji kafin masu ƙirga su iso. Ga kuma kunya: uwa ba ta son ambaton ɗan fari, baƙo namiji ba ya shiga gidan kulle. A Gabas lamarin ya kai ga jini a 1929, lokacin da aka soma ƙirga mata da dabbobi a Oloko. Matan suka ɗauka haraji za a ɗora musu, suka yi boren da aka sani da na matan Aba, aka kashe fiye da 50 daga cikinsu. A 1941 ba a yi ƙidaya ba saboda Yaƙin Duniya na Biyu.

Ƙidayar 1952 zuwa 1953 ta ba da mutum miliyan 30.4, fiye da rabinsu a Arewa. Daga nan al'amari ya juya, domin da ita aka raba kujerun majalisa: a zaɓen 1959 Arewa ta samu 174 cikin 312. Adadin da ake ɓoyewa a da ya zama abin da kowane yanki ke son ya kumbura, tunda kujera da kason kuɗin tarayya duk a kansa suka rataya.

Ba a daɗe ba aka ga sakamakon haka. Ƙidayar 1962 rigima ta cinye ta, Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa ya soke. Aka sake a 1963, aka samu miliyan 55.7, Arewa na da 29.8. Firimiyan Gabas, Michael Okpara, ya ƙi amincewa, gwamnatinsa ta garzaya Kotun Ƙoli, kotun ta ce ba huruminta ba ne. Ta 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, ta nuna miliyan 79.8, amma Janar Murtala Muhammad ya yi watsi da ita bayan hawansa mulki a 1975. Haka ƙasar ta yi kusan shekara 30 tana tsara makarantu da asibitoci da alƙaluman 1963, kuma talaka ne ya fi kowa jin jiki a wannan giɓi.

A 1991, ƙarƙashin Alhaji Shehu Musa, Makaman Nupe, hukumar ƙidaya ta cire tambayar addini da ƙabila don a rage husuma, ta fitar da kusan miliyan 89. Haka aka yi a watan Maris na 2006, inda aka samu miliyan 140.4, Kano ta zo da miliyan 9.4, Legas 9.1, gwamnatin Legas kuma ta ce an tauye ta. An shirya wata a watan Mayun 2023, gwamnatin Muhammadu Buhari ta ɗage ana saura kwanaki kaɗan.