Yadda ake ba da izinin bincike a Great Barrier Reef

Great Barrier Reef shi ne jerin duwatsun murjani mafi girma a duniya, wanda ya miƙe tsawon kilomita 2,300 a tekun arewa maso gabashin Ostireliya.

A shekarar 1975 ne gwamnatin ƙasar ta kafa dokar kare yankin, tare da hukumar da ke kula da shi daga birnin Townsville.

Tsarin da ya fara aiki a watan Yulin 2004 ya kasa yankin kashi-kashi, inda ya faɗaɗa wuraren da aka haramta kamun kifi daga ƙasa da kashi 5 cikin ɗari zuwa kusan kashi 33.

Akwai sassan da aka keɓe domin binciken kimiyya, da kuma waɗanda ba a shiga sai da rubutaccen izini.

Kafin ba da izini, hukumar kan auna illar da aikin zai iya yi wa halittun ruwa, ta kuma ƙayyade adadin samfurin da mai bincike zai ɗiba.

Dalili kuwa shi ne, murjani na ɗaukar shekaru kafin ya farfaɗo, ga kuma ɗumamar teku da ta kashe da yawansa a 2016 da 2017.