Tarihin Lambun Wardi na Bagatal a Birnin Faris

Kalmar wardi daga Larabci Hausawa suka aro ta, amma sun fi saninta wajen turare. A ƙasar Faransa kuwa itacen wardin kansa a ke girmamawa, har a keɓe masa lambu. Ɗaya daga cikin mashahuran lambunan nan shi ne na Bagatal, wanda ya ke cikin kurmin Bulon, yamma da birnin Faris. Ma'anar sunan da Faransanci ita ce ɗan abu ƙanƙane maras muhimmanci.

Asalin gidan da lambun ya kewaye, gardama ce ta 'ya'yan sarauta. Cikin 1777 Sarauniya Mariya Antuwanet ta ce wa ƙanen mijinta, Yarima Datuwa, ba ya iya rushe tsohon gidan da ke wurin ya gina sabo kafin ta komo daga tafiya. Shi kuwa ya ce ya iya. Ya tara ma'aikata wajen 900, suna aiki dare da rana, cikin wata biyu da 'yan kwanaki gida ya tsaya. Irin wannan almubazzaranci yana cikin abin da ya harzuƙa talakawa. Da juyin mulki ya tashi cikin 1789 sai yariman ya gudu ya bar ƙasar, amma gidan ya tsira.

Cikin 1835 wani basaraken Ingila, Lod Hatfod, ya saye shi, bayansa kuma ya faɗa hannun Rishad Walas cikin 1870. Da gado ya kai ga wanda ba ya bukatar wurin, sai aka shiga maganar yayyanka filin a sayar wa masu gine-gine. Hukumar birnin Faris ta ga in an yi haka an yi hasarar da ba ta mayuwa, saboda haka ta saye shi cikin 1905, ta danƙa shi ga masanin lambunanta, Forestiye, wanda ya shirya fagen wardin.

Tun 1907 a ke gasar sababbin irin wardi a nan, masu kiwon fure na ƙasashe dabam dabam suna aiko da nasu, alƙalai su duba kyau da ƙamshi da ƙarfin itacen. Irin wardin da ke lambun ya haura 1,000. Wurin da aka gina don nishaɗin yarima guda, ga shi ya zama na jama'a duka.