Yadda Aka Mai Da Jini Maganin Ƙashi

Tun zamanin dā mutane sun san in aka yi rauni jini ya kan daskare ya toshe bakin ciwo, amma ba wanda ya san abin da ke sa haka. Sai a 1882 wani likitan Italiya, Bizozero, ya duba jinin dabba mai rai da madubin likita, ya ga waɗansu 'yan ƙwayoyi ƙanana suna taruwa a inda jijiya ta ji ciwo, suna manne wa juna. Su ne a ke kira filatilet, watau ƙwayoyin daskarar da jini. A cikin ɗan jinin da bai fi kan allura ba a kan sami 150,000 zuwa 450,000, kowace kuwa ba ta wuce kwana 10 a jiki.

A 1952 wani likitan ƙasar Suwidin, Biranemak, ya sa wani ɗan ƙarfe mai suna titaniyam a ƙashin ƙafar zomo don ya ga yadda jini ke gudana a ɓargo. Da ya zo cirewa sai ya tarar ƙashi ya kama ƙarfen kam, ya ƙi saki. Abin nema ya samu! A 1965, a birnin Gotenbag, ya dasa wa wani mutum ƙusoshi 4 na wannan ƙarfe a muƙamuƙi, ya ɗora haƙora a kansu. Mutumin nan ya ci abinci da su har ya rasu a 2006.

To, amma akwai wuya ɗaya. Ƙusa ba ta kafuwa sai da ƙashi, ƙashin muƙamuƙi kuwa zaizayewa ya ke yi da zarar an cire haƙori. Wanda ya fi kowa bukatar dashe, sau da yawa shi ne ba shi da wurin da za a dasa masa. Ko an yi masa ciko da ƙashin ƙugunsa, sai ya yi watanni yana jira, ba ya iya tauna.

Nan ne zancen jini ya komo. A 1974 Rasel Ros da abokan aikinsa a Amurka suka gane ashe ƙwayoyin nan ba toshe rauni kaɗai su ke yi ba, har su kan zubo waɗansu sinadarai masu sa tsoka da jijiyoyi su tofo. Sai masana suka ce, in haka ne, me zai hana a tara su da yawa a zuba a inda a ke son ƙashi? A 1998 Robat Maks na birnin Mayami ya ba da labarin mutum 88 da aka yi wa cikon muƙamuƙi. Bayan wata 6, waɗanda aka gauraya wa cikon da tataccen jininsu, ƙashi ya cika kashi 74 cikin 100 na wurin, sauran kuwa kashi 55.

Hanyar Maks tana da wahala, gama sai an sa maganin hana jini daskarewa, sa'an nan a sake daskarar da shi da wani sinadari na jinin shanu. A 2001 Shukurun, likitan birnin Nis a Faransa, ya kawo mai sauƙi. A ɗebi jinin mutum a 'yar kwalba, ba a sa kome, a juya shi a inji minti 10. Jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, ruwa ya taso sama, a tsakani a sami guda rawaya mai yauƙi. Shi a ke cusawa a gurbin haƙori, ko a lulluɓe ciko da shi.

Da fari an zuzuta abin ƙwarai, amma gwaje-gwajen da suka biyo baya sun rage masa kuri. Sun nuna ya fi taimakon dasashi ya warke da wuri, ya kan kuma rage zogi. Game da ƙashi kuwa, masana ba su haɗa baki ba. Inda giɓi ya yi girma, dole sai ciko. Duk da haka likitocin haƙori sun riƙe shi, don ba shi da tsada, jiki kuma ba ya ƙin abin da ya fito daga cikinsa.