Daga Tafkin Sin Zuwa Tulun Gilashi: Tarihin Gidan Kifin Ado

Duk mai kallon fina-finan Turai ya san hoton nan: ɗan jan kifi guda yana kewaya cikin tulun gilashi a kan tebur. Idon mutane ya saba da shi har suna ɗauka nan ne gidansa na asali. Tarihi kuwa ya nuna cewa a tafki kifin nan ya fara zama, kuma ɗan Adam ya daɗe kafin ya gane yawan ruwan da yake buƙata.

A ƙasar Sin labarin ya samo asali. A can aka lura cewa cikin wani kifin ruwan daɗi mai launin toka akan samu ja jefi-jefi, sai aka riƙa ware irinsa ana zubawa a tafkunan ado. A zamanin daular Song (960 zuwa 1279) kiwonsa ya kankama. A zamanin daular Ming (1368 zuwa 1644) aka shigo da shi cikin gida, ana ajiye shi a manyan kasaken tangaran masu faɗin baki, ana kallonsa daga sama. Faɗin bakin nan ya yi wa kifin rana, domin ta saman ruwa iska ke shiga.

A ƙarni na 17 kifin ya isa Turai, daga baya ya tsinci kansa a tulun gilashi a gidajen masu hali. Tulun yana da kyan gani, amma cikinsa faɗi ne bakinsa tsuke, in an cika shi ruwa sai hanyar iska ta ragu. Kifi ya yi ta hamma a saman ruwa, mai gida yana zaton wasa yake yi.

A ƙarni na 19 masu bincike suka sa hannu. A 1832 wata Bafaranshiya mazauniyar tsibirin Sisili, Jeanne Villepreux-Power, ta ƙera akwatunan gilashi don nazarin halittun teku. A 1850 wani masanin haɗa sinadarai a Landan, Robert Warington, ya ba da rahoton gwajin da ya yi. Ya sa ƙananan jajayen kifi biyu da ciyawar ruwa a mazubi mai cin kimanin lita 50. Da ganyen ya fara ruɓewa ruwa ya gurɓace, sai ya ƙara dodon koɗi, suka cinye ruɓaɓɓen, ruwa ya washe. Ya nuna cewa tsiro yana ba kifi iskar oksijin, kifi kuma yana ba tsiro abin da yake buƙata.

Lokacin ya dace da sauƙin gilashi, don Ingila ta soke harajinsa a 1845. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifi ga jama'a, a 1854 kuma Philip Henry Gosse ya fitar da littafin da ya yayata kiwon. Nan da nan ajiye kifi ya zama abin yayi. Sai dai mutane sun ɗauki rabin darasin Warington suka bar rabi. Suka sa ciyawa, suka labta kifi fiye da kima, kifi ya yi ta mutuwa.

Ruwa ba ya tsami banza. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta hanyar numfashinsa da kashinsa, kuma guba ce gare shi. Masu binciken ƙasar noma ne suka gano maganinta. A 1877 wasu Faransawa biyu, Schloesing da Müntz, suka nuna cewa ƙananan halittu ne ke juya amoniya zuwa sinadarin da tsiro ke sha. Ɗan Warington, shi ma Robert, ya shafe shekaru yana wannan bincike a tashar gwajin noma ta Rothamsted, kafin Sergei Winogradsky ya ware ƙwayoyin bakteriyar a 1890. Su ne ke zaune a matatar tankin kifi a yau. A ruwa kaɗan guba kan taru kafin su cim mata, a ruwa mai yawa kuwa takan tsarma.

Daga baya masu kiwo suka fito da wani lissafi mai sauƙi: inci ɗaya na kifi ga galan ɗaya na ruwa. Lissafin yana tafiya ga 'yan ƙananan kifaye, amma ya kasa ga jan kifi, wanda kan kai santimita 30 kuma ya haura shekara 20 in ya samu wuri. Wani mai suna Tish a Ingila ya shekara 43 kafin ya mutu a 1999. A 2005 birnin Rum ya hana ajiye kifi a tulun gilashi.

Mu da ke ƙasar zafi, lissafinmu ya fi tsauri. Lita ɗaya ta ruwa tana riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin a ma'aunin zafi 20, amma a 30 ya sauko kusan 7.5, ga shi kifi ya fi bukatar iska in ruwa ya ɗumama. Ƙaramin mazubi kuma ya fi saurin ɗaukar zafi, musamman a watan Afrilu in aka ɗauke wuta injin iska ya tsaya.

Saboda haka mai son sayen tanki ya fara tambayar girman da kifin zai kai idan ya manyanta, kada ya tsaya kan yadda ya gan shi a shago. Ya zaɓi tanki mai tsawo da faɗi a kan mai zurfi, irin dabarar kasaken Sinawa. Idan kuma ɗakin ko aljihun bai kai ba, ya nemi kifin da ba ya girma, ya bar jan kifi ga mai babban tanki ko tafki.