Sa Hannu Kan Takardar Zama Ɗan Ƙasa

'Yan uwa mazauna Minna.

Kakanninmu da yawa jirgin ƙasa ne ya kawo su garin nan, bayan layin dogo na Baro zuwa Kano ya kammala a 1911. A wancan zamani ba mai tambayar Bamaradi ko Badamagare takarda. 'Yancin kan 1960 ne ya mayar da iyaka abin lura.

Mu tuna 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, Hausawan zango da dama suka baro gidajensu. A 1980 kuma aka kai Shugaba Darman na Borno Chadi, wai ba ɗan Najeriya ba ne, sai kotu ta wanke shi.

Shi ya sa nake ganin sa hannun nan ba wasa ba ne. Sashe na 27 na tsarin mulkin 1999 ya ce sai mutum ya shekara 15 a ƙasa, gwamnan jiharsa ya gamsu jama'a sun karɓe shi, ya yi rantsuwar biyayya, kafin Shugaban Ƙasa ya ba shi takardar.

In ranar ta zo, ɗan'uwa, rubuta sunanka yadda yake a sauran takardunka, ka adana ta domin 'ya'yanka.

Allah Ya sa mu dace, amin.