Sanda a Hannu, Littafi a Aljihu: Tarihin Kiristocin 'Yan Sanda a Ƙasar Bungudu da Gusau

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Tsafe, ta gitta gindin dutsen Kwatarkwashi, ta keta Gusau, sa'an nan ta wuce Bungudu ta nufi Talatar Mafara da Sakkwato, ba zai rasa cin karo da 'yan sanda a bakin shinge ba. Kuma in mai lura ne, har ya kai idonsa ga sunayen da ke liƙe a ƙirjin rigunansu, zai ga cewa a tsakanin su Garba da Sani akwai su Bitrus da Yohanna da Ishaya, waɗanda Hausa ta zauna daram a bakinsu, amma ran Lahadi majami'a suke nufa. Mutanenmu sun saba da ganinsu har sun daina tambayar yadda aka yi suka zo, alhali kuwa zuwansu yana da tarihi, kuma tarihin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin a cikinsa akwai labarin sarauta da reluwe da bariki, akwai kuma wata tsohuwar mas'ala wadda malaman addinai biyu suka daɗe suna juyawa, wato ko mai riƙe da sandar hukuma zai tsira ranar hisabi.

Kafin zuwan Turawa, a wannan yanki da Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa Gusau cikinsa a farkon ƙarni na 19, bayan al'amarin jihadi ya bi ta kan 'Yandoto, tsohon garin malamai, tsaron doka yana hannun dogarai ne, bayin sarki da barorinsa, masu riga ja da kore, waɗanda su ne ke kamu, su ke tsaron kurkuku, su ke zartar da hukuncin alƙali. Shugabannin jihadi ba su yi sakaci da wannan muƙami ba: Shehu Usmanu ya yi kakkausan suka a Kitabul Farƙi ga gaisuwa da rashawa da ƙwace da barorin sarakuna ke yi wa talakawa, ƙanensa Abdullahi kuma ya shimfiɗa sharuɗɗan masu riƙon amanar jama'a a Liya'ul Hukkami. Ashe tun kafin a ji kalmar ɗan sanda, an san cewa hannun da ke kama ɓarawo shi ne hannun da ya fi kusa da fitinar dukiyar mutane.

Ɗan sanda kuwa daga bakin teku ya fito, kuma abin mamaki, da sunan Hausawa ya fara. A 1863 Gwamna Glover ya tara rundunar Hausawa masu ɗauke da makamai a Ikko, akasarinsu bayin da suka tsere wa iyayengijinsu, kuma Musulmi ne; Kamfanin Neja ya kafa tasa rundunar a Lakwaja; bayan an ci Sakkwato a watan Maris na 1903 sai Arewa ta sami 'yan sandan gwamnati nata, har aka haɗe na Kudu da na Arewa a 1930 suka zama runduna guda. Amma Turawa, saboda siyasarsu ta mulki ta hannun sarakuna, ba su sake wa wannan runduna ƙasar sarakuna ba. Sun bar wa En'e dogaranta, suka gyara wani sashe nasu a shekarun 1920 suka sa musu kaki aka kira su 'yan doka, aka kuma ɗora 'ya'yan sarauta a kansu don a ɗaukaka darajar aikin: Usman Nagoggo ya riƙe 'yan dokan Katsina kafin ya zama sarki, Abubakar na Uku ya kula da na Sakkwato yana Sardauna kafin ya hau gadon Sarkin Musulmi a 1938, Ado Bayero ma ya yi Wakilin Doka a Kano. Saboda haka talakan Bungudu na wancan zamani, wanda ke ƙarƙashin Sarkin Fulani da En'e ta Sakkwato, ɗan doka ya sani, mutumin da ke jin yarensa, yake bin sahunsa a masallacin Juma'a. Ɗan sanda kuwa baƙo ne, sai an shiga Gusau a gan shi.

Dalilin da ya sa sai a Gusau, shi ne jirgin ƙasa. Da aka shimfiɗo dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, sai garin ya cika da kantunan Turawa da injin gurzar auduga da masu awon gyaɗa, da akawuna da direbobi da maƙeran reluwe daga Kudu, waɗanda aka zaunar a Sabon Gari; kuma tun da yake waɗannan baƙi da dukiyar kamfanoni ba a so a bar su duka a hannun 'yan doka, sai 'yan sandan gwamnati suka biyo dogo suka kafa bariki. A cikin wannan bariki ne Kiristocin 'yan sanda suka sami wurin zama a Gusau. Wasu 'yan Kudu ne, Ibo da Yarabawa, amma da tafiya ta yi tafiya sai 'yan Arewa suka yawaita: Angasawa daga Fankshin, Bacamawa daga Numan, Tibi daga Binuwai, mutanen kudancin Zariya, Tangale, da Dakarkarin Zuru, maƙwabtanmu na kudu maso yamma waɗanda aikin ɗamara ya zame musu kamar gado. Abin da ya buɗe musu ƙofa shi ne boko, domin caji ofis yana bukatar mai iya rubuta bayanin mai ƙara da na wanda ake ƙara, makarantun mishan kuwa sun riga sun koya musu karatu a lokacin da iyayenmu ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu don kada a kai su elemantare.

A nan ne nake so in ɗan daɗe, domin a nan ne abin ya fi daɗin bincike. Waɗannan mutane, da yake kowanne da yarensa, ba su da harshen da zai haɗa su a fareti da kasuwa da sujada sai Hausa. Kuma an dace cewa a 1932, 'yan shekaru kaɗan bayan isowar jirgi Gusau, aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aikin da Likita Mila na Zariya, wanda Sarkin Kano Alu ya sallame su shi da abokan tafiyarsa a 1900, ya ba da ƙarfinsa a kai tare da wasu 'yan mishan da Hausawan da suka taimake su. Masu fassarar ba su da wata rijiya da za su ɗebi kalmomin addini sai wadda malamanmu suka riga suka haƙa, saboda haka kofur ɗin da ya zo daga kan dutsen Filato, in ya durƙusa a ɗakinsa na bariki, da Allah yake kira, zunubi yake ambata, tuba yake yi, gafara yake roƙo, annabawa da mala'iku da ranar shari'a yake tunawa, da lafuzzan da almajirin zaure a Bungudu ba zai nemi a fassara masa ko ɗaya ba. Aƙida ta sha bamban, wannan babu ja, kuma ba ni daga cikin masu shafe bambanci don a ji daɗin zama. Amma kalmomin sun zama gada, kuma a kan wannan gada aka yi zaman lafiyar da aka yi.

Majami'u sun biyo mutanensu sannu a hankali, domin alkawarin da Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna na cewa ba za a taɓa addini ba ya sa an daɗe ana tsare 'yan mishan daga ƙasar Musulmi, in ban da Sabon Gari. Ƙungiyar SIM, wadda aka kafa a 1893, ta sami shiga lardin Sakkwato ne sosai ta ƙofar jinyar kutare a ƙarshen shekarun 1930, a Amanawa, daga cikinta kuma ekilisiyar ECWA ta fito a 1954. Limaman Katolika 'yan ɗariƙar Dominikan daga Amurka sun zo a shekarun 1950 suka mai da Gusau babbar cibiyarsu, ga majami'arsu ta Fatima nan har yau. Angilika kuwa ta sami bishop nata na Gusau a 1999. A ko'ina cikin waɗannan, mutanen bariki da matansu suna daga cikin ginshiƙai, domin mai albashin wata shi ne mai baiko, matar saje kuma ita ce sau da yawa ke buga tulu a zumuntar mata.

To, mene ne ake yi wa ɗan sanda wa'azi da shi? Tun a 1883 wata baiwar Allah mai suna Catherine Gurney ta kafa ƙungiyar Kiristocin 'yan sanda a Landan, bisa hujjar cewa mutumin da aikinsa ke hana shi zuwa sujada, yake kuma kwana cikin sharrin mutane, ya fi kowa bukatar a kai masa wa'azi har inda yake. Wannan tunani ya yaɗu a ƙasashe, har ya zama a manyan barikokinmu za ka ga coci da masallaci suna kallon juna. Abin da masu bishara suka fi jawowa kuwa ƙissoshi ne na ma'aikatan hukuma. Akwai na Yahaya Mai Baftisma, ɗan Zakariya, wanda sojoji suka tambaye shi abin da za su yi, bai ce su tuɓe kaki ba, sai ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya umurce su da wadar zuci a kan albashinsu. Akwai na Karniliyus, hafsan Rumawa mai yawan sadaka da addu'a. Akwai na yarin kurkukun Filibi, wanda girgizar ƙasa ta buɗe masa ƙofofi da tsakar dare, ya zare takobi zai kashe kansa don tsoron hukunci, Bulus ya tsai da shi, shi kuma ya faɗi yana tambayar hanyar ceto, aka nuna masa bangaskiya ga Almasihu, ya wanke wa fursunoninsa raunukan bulala kafin gari ya waye. A aƙidarsu ceto alheri ne na Allah wanda ba a saye da aiki, amma sun ce bangaskiyar da ba ta canza hannu ba matacciya ce, suna kafa hujja da mai karɓar harajin Yariko wanda ya yi alkawarin mayar da abin da ya zalunta ninki huɗu. Malamin fiƙihu da ya ji wannan zai tuna babin mayar da haƙƙoƙi, inda aka ce tuba ba ta cika sai an sauke nauyin bayin Allah. Ni a ganina, duk wa'azin da aka yi wa mai kaki, a coci ne ko a masallaci, in bai kai ga maganar na goro a bakin shinge ba, da belin da doka ta ce kyauta ne, da marin wanda ba a tabbatar wa laifi ba, to bai taɓa inda ciwon yake ba.

Shekarar 1966 ta zo da musiba, Gusau na cikin garuruwan da aka zubar da jinin 'yan Kudu, Sabon Gari ya kusa zama kufai. Gwamnatin soja ta karɓi shawarar kwamitin Yusufu Gobir na a rushe 'yan doka, zuwa farkon shekarun 1970 an haɗiye su cikin rundunar tarayya, kuma daga wannan lokaci ne ɗan sanda ya fita daga bakin tasha ya shiga Bungudu da Tsafe da Kwatarkwashi da Nahuce, ya zama ana iya turo mutumin Kafancan ya yi tsaron kasuwar ƙauyen da bai taɓa jin sunansa ba. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, sa'an nan Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba na 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, tsarin mulki bai canza ba game da cewa rundunar 'yan sanda ɗaya ce ta tarayya. Saboda haka Kiristan kurtu ya ci gaba da tsayuwa a ƙofar kotun da ba ta hukunta shi, yana gadin filin idin da ba ya salla a cikinsa, kamar yadda abokin aikinsa Musulmi ke kwana a ƙofar majami'a daren Kirsimeti.

Yau kuwa tambayar yarin Filibi ta tashi daga ƙissa ta zama ta kowace safiya, domin dajin da ke kewaye da mu ya cika da 'yan bindiga, kuma mai fita sintiri ba shi da tabbacin komowa. Ranar Lahadi 18 ga Yuli, 2021, a Kurar Mota cikin Ƙaramar Hukumar Bungudu, an kashe 'yan sanda 13 a wuni guda suna kan aikin tsaron ƙauyuka. Harsashin da ya same su bai tambayi alƙiblar kowa ba, mu ma da suka mutu saboda mu bai kamata mu tambaya ba kafin mu sauke haƙƙinsu. Ina roƙon sarakunanmu da malamanmu da fastocinmu da hukumomin jiha su haɗa hannu a rubuta sunayen waɗannan mutum 13 a wurin da jama'a za su riƙa gani a Bungudu, a kuma bi sawun matansu da marayunsu, duk garin da suka koma, a tabbatar abin da ya kamace su ya isa hannunsu.